Ina za a rubuta sunan gurbi a fom: a sama, a ciki, ko a ɓoye?

A watan azumin da ya wuce kawuna ya zo shagona da wayarsa, yana so ya cike wani fom na neman tallafin noma a intanet. Kowane gurbi a fom ɗin yana ɗauke da rubutu mai ruwan toka a cikinsa: suna, lambar waya, NIN, BVN, lambar asusu. A saman guraben babu komai, a gefensu ma babu. Kawu ba ya son a yi masa abin da zai iya yi da kansa, sai na ƙyale shi. Ya ciro takardar da ya rubuta lambobinsa ya fara kwafa a hankali. Yana cikin haka aka kira shi a waya. Da ya gama magana ya dawo, sai ya tarar da gurabe uku a jere, kowanne da lambobi 11 a ciki, rubutun tokan nan kuwa ya ɓace tun sa'ad da ya danna lambar farko. Ya ɗago ya ce, "Ɗan nan, wacce na sa a nan?" Ta waya an gane ta da sifilin da ke gabanta. Amma NIN da BVN duk 11 ne, kuma ko da ya gwada su da takardarsa, abin da ya ɓace shi ne sunan gurbin. Sai da ya goge duka biyun rubutun ya dawo, muka ga ashe ya musanya su. Ya sake kwafa lambobi 22 daga farko, da azumi a bakinsa, yana runtse ido.

Tun ranar nake so in rubuta wannan don 'yan'uwa masu gina shafukan intanet, da masu ba su aikin. Hanyoyin sa wa gurbi suna guda huɗu ne a aikace. Akwai laƙabin da ke zaune a saman gurbi ba ya motsi. Akwai rubutun da ke cikin gurbin, wanda HTML, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, ke kira placeholder, ni kuma zan kira shi rubutun riƙon ƙwarya, don da mai gurbin ya iso yake sauka. Akwai laƙabin da ke farawa a ciki, ya tashi sama idan an taɓa gurbin. Sai kuma ɓoyayyen laƙabi, wanda ido ba ya gani, manhajar karanta allo kaɗai ke furta shi ga makaho. Ba daidai suke ba, kuma ba zan yi kamar daidai suke ba.

Laƙabi a sama

Wannan shi ne tsoho a cikinsu. Alamar label ta shigo tun HTML 4 a shekarar 1997, kuma aikinta ya wuce ajiye rubutu kusa da akwati. Ana ba gurbin shaida, a ce id="nin", sai a rubuta for="nin" a kan laƙabin. Da wannan ƙulli burauza ta san cewa rubutun nan sunan gurbin nan ne. Idan makaho mai amfani da manhajar karanta allo, kamar TalkBack a wayar Android, ko VoiceOver a iPhone, ko NVDA da JAWS a kwamfuta, ya iso gurbin, manhajar za ta faɗa masa sunan kafin ya rubuta komai. Mai ba wa na'ura umarni da murya saboda hannunsa ba ya aiki zai kira sunan da yake gani, na'urar ta kai shi. Mai rawar hannu ko mai kaurin yatsa yana iya taɓa rubutun maimakon ɗan ƙaramin akwatin da ake sa wa alamar amincewa, domin laƙabin ya zama ɓangare na wurin taɓawa. Kuma sunan yana nan daram bayan an cike fom, a daidai lokacin da mutum ke son ya bi sahu ya duba kafin ya aika.

Akwai kuskuren da nake yawan gani a nan. Mutum ya rubuta suna a saman gurbi da alamar div ko span, ido ya ga komai lafiya, alhali babu ƙulli tsakaninsu. Makaho ya iso, manhaja ta ce masa akwatin rubutu ne kawai, ta yi shiru. Gane shi ba wuya: taɓa rubutun da yatsa, in gurbin bai buɗe don rubutu ba, ba a ƙulla su ba. Cibiyar WebAIM ta Amurka, wadda tun 2019 take binciken shafukan farko na manyan gidajen intanet miliyan ɗaya a kowace shekara, tana samun gurabe marasa laƙabi a kusan rabinsu. Wato matsalar ba ta sababbin hannu kaɗai ba ce.

Abin da ake biya a wannan hanya shi ne tsayi. Kowane gurbi ya ƙaru da layi guda, fom ya yi tsawo, sai an ja ƙasa. Na yarda da haka. Amma mutanenmu suna jan Facebook da TikTok ƙasa sa'o'i ba gajiya. Ja bai taɓa hana kowa cike fom ba, ruɗewa ce ke hanawa. Sannan ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Inda Bature zai rubuta haruffa uku, LGA, mu za mu rubuta "Ƙaramar hukumar da ka fito". Laƙabin sama in ya yi tsawo sai ya gangaro layi na biyu, ba abin da ya ɓace. A gefen hagu ma ana iya ajiye shi a faffaɗan allon kwamfuta, sai dai a waya babu filin, don haka sama ta fi.

Rubutun riƙon ƙwarya

A nan zan daɗe, domin shi ne wanda masu ba da aiki suka fi nema. Dalilinsu ba na banza ba ne. Fom yana fitowa gajere, tsaf-tsaf, ya shige allo ɗaya, kuma a hoton da mai zane zai nuna wa maigida duk guraben wayam suke, saboda haka duk sunayen suna nan. Aibin ba ya bayyana sai an fara rubutu, maigida kuwa ba ya cike fom ɗinsa.

Siffar placeholder ta zo ne da HTML5, wanda ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta tabbatar a watan Oktoba na 2014, kuma ƙa'idar da kanta ta ce gajeren manuni ne don taimaka wa mai shigar da bayani, ta kuma ce kada a sa shi a madadin laƙabi. Waɗanda suka ƙirƙiro shi ne suka faɗa. A shekarar 2014 ɗin dai Katie Sherwin ta cibiyar Nielsen Norman, masu nazarin yadda mutane ke amfani da shafuka, ta wallafa maƙala tana bayyana shi a matsayin abu mai cutarwa a fom. Tsarin zane na GOV.UK, wanda ake gina ayyukan gwamnatin Birtaniya a kansa, shi ma yana gargaɗin a guje shi.

Aibinsa na farko shi ne wanda ya sami kawu. Yana ɗora wa mutum nauyin riƙe abu a ka alhali hankalinsa yana kan wani. Mai cike fom a ƙasarmu ba a ɗaki shiru yake ba. Yana bakin shago ana ciniki, ko yaro na jan zaninta, ko ya fita daga burauza ya shiga saƙonni don kwafo lambar sirri da aka turo masa. Ga tsoho, ga mai raunin tunawa, ga wanda karatun boko ke yi masa nauyi har ya zama kowace kalma sai ya haɗa baƙi, ɓacewar sunan ba ƙaramin abu ba ne. In fom ya dawo da jan rubutu yana cewa an yi kuskure, lamarin ya ƙara dagulewa: gurbin cike yake da abin da ba daidai ba, umarnin yadda za a gyara kuwa yana ɓoye a ƙarƙashin kuskuren.

Na biyu shi ne launi, kuma nan ne babu mafita. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda su ne ma'aunin duniya a kan sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafuka, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum. Tokan da masu zane ke so, #999999 a kan fari, 2.85 kawai yake bayarwa. Sai an duhunta shi zuwa #767676 kafin ya kai 4.54. To ka ɗauki wannan toka mai haske ka fita da shi rana tsaka a Kano ko Maraɗi, a kan waya mai tsagaggen gilashi wadda aka rage wa haske don caji ya kai yamma. Ba makaho kaɗai ke kasa gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani, na kusa ko na nesa, kuma duk wanda ya haura arba'in ya san yadda ƙananan rubutu ke fara gudunsa. Sai a ce to a duhunta shi. In an duhunta, ya koma kama da abin da mutum ya riga ya rubuta, ido ya tsallake gurbin yana zaton a cike yake. Na ga wanda ya yi ta danna maɓallin gogewa yana son share rubutun da ba ya gogewa. Gaba kura, baya siyaki.

Na uku, layi ɗaya ne tak gare shi. In ya fi faɗin gurbin tsawo, yankewa yake yi ba sallama. "Lambar wayar wanda za a tuntuɓa idan ba a same ka ba" za ta tsaya a wajen "wanda za a", musamman ga wanda ya ƙara girman rubutu a wayarsa saboda idonsa.

Game da makafi akwai abin da ya kamata a faɗa da adalci. Burauzoji na yanzu, in sun nemi sunan gurbi sun rasa, suna ɗaukar rubutun riƙon ƙwarya su miƙa wa manhajar karanta allo a matsayin zaɓi na ƙarshe. Shi ya sa wani lokaci na'urar binciken kura-kurai ba ta kama fom irin na kawu, mai ginawa ya ɗauka ya tsira. Amma wannan tsani ne na gaggawa. Yadda ake furta shi ya bambanta daga manhaja zuwa manhaja, kuma bai yi wa mai ido komai ba. Ni a wurina, in ana so a yi amfani da shi, to ya kasance akwai laƙabi na gaskiya a sama, abin da ke cikinsa kuma ya zama wanda ko ya ɓace ba a yi asara ba. In ka bi wannan sharaɗi da gaske, sau da yawa za ka ga ba abin da ya rage da za ka rubuta a ciki.

Laƙabi mai tashi sama

Wani mai zane ɗan Amurka, Matt Smith, ya yaɗa wannan salo a 2013, Google ta ɗauke shi a tsarinta na Material Design, daga baya Bootstrap 5, wani shiryayyen kayan aikin gina shafuka, ya zo da nasa. Sulhu ne tsakanin biyun farko, kuma ba na ƙin sa kamar yadda nake ƙin na biyu. In an gina shi daidai, label na gaskiya ne a ƙarƙashi, makaho yana jin sunan, kuma bayan an yi rubutu sunan yana nan. Da a ce da shi aka yi wa kawu fom, da bai goge lambobinsa ba.

Sai dai a duba abin da ake samu da abin da ake bayarwa. A tsarin Material, laƙabin yana raguwa daga girma 16 zuwa 12 idan ya hau sama, wato yana ƙanƙancewa a daidai lokacin da mai raunin ido ke buƙatarsa. Gurbin da ba a cike ba har yanzu yana da rubutu a ciki, don haka matsalar zaton an cike tana nan. Dogon suna na Hausa ba ya samun layi na biyu. In burauza ta cike gurbin da kanta, laƙabin da ba a yi wa dabara ba yakan ƙi tashi, ya hau kan rubutun su cakuɗe. Filin da aka ce an yi tsiminsa ma kaɗan ne, domin dole gurbin ya yi tsayin da zai ɗauki suna da rubutu tare.  Ka ƙara wa kanka aiki da wuraren da abu zai iya lalacewa, don ribar da ba ta kai faɗin yatsa ba. Ga fom ɗin shiga mai gurabe biyu, imel da kalmar sirri, zan iya haƙura da shi in maigida ya nace. Ga fom ɗin banki, asibiti, makaranta ko tallafi, ban yarda ba.

Ɓoyayyen laƙabi

Hanya biyu ce. Ko dai a rubuta label na gaskiya a ɓoye shi daga ido da CSS, harshen da ke tsara kamannin shafi, irin ajin da Bootstrap 4 ke kira sr-only, wanda a Bootstrap 5 ya koma visually-hidden, ko a liƙa wa gurbin aria-label, wato sunan da manhaja ke karantawa amma ido ba ya gani. Akwai kuma aria-labelledby, wanda ke nuna wa manhaja wani rubutu da ke kan shafin ya ce wannan ne sunan.

Wurinsa ƙunci ne amma na gaskiya ne: inda mai ido ya riga ya san aikin gurbin daga abin da ke kewaye da shi. Akwatin bincike mai maɓallin "Nema" a gefensa. Gurabe a cikin jadawali, inda kan layi ya riga ya ce "Adadi" ko "Farashi". A nan ƙara suna a fili maimaici ne, amma makaho da ke tsalle daga gurbi zuwa gurbi yana buƙatar a faɗa masa. Matsalar ita ce wasu sun mai da shi faci: su bar rubutun riƙon ƙwarya yadda yake, su liƙa aria-label, su ce sun gama da nakasassu. Makaho kaɗai suka yi wa aiki, suka bar tsoho da mai dishi-dishi da mai mantuwa.

Kuma aria-label yana da ƙaya. Burauza tana bin jeri wajen zaɓen suna: aria-labelledby da farko, sai aria-label, sannan label na fili. Wato in ka rubuta duka biyu, ɓoyayyen ne ke danne na filin. A ce ido yana ganin "Lambar waya", a ɓoye kuma an rubuta "Shigar da layinka". Mai umarni da murya zai kira abin da yake gani, na'ura ta rasa shi. Saboda wannan ne WCAG 2.1, da ta fito a watan Yuni na 2018, ta ƙara sharaɗi mai lamba 2.5.3, cewa sunan da na'ura ta sani dole ya ƙunshi rubutun da ido ke gani. Ga mu masu mai da shafuka Hausa akwai ƙari. Mai fassara abin da yake gani yake fassarawa. Na sha buɗe shafin da aka fassara tas, in kunna TalkBack, in ji guraben suna nan da Turancinsu, domin ba wanda ya tuna da rubutun da ba a gani. Mai ido ya sami Hausa, makaho bai samu ba. Siffar title kuwa, wadda ke fito da ɗan bayani in an ɗora linzamin kwamfuta a kai, kada ma a sa ta a lissafi: waya ba ta da linzami.

To, ina za a sa misali da umarni?

Wannan ce tambayar da ke mai da mutane ga rubutun riƙon ƙwarya ko bayan sun yarda da duk abin da ya gabata. Amsar ita ce a ba bayani layinsa, tsakanin laƙabi da gurbi, a ƙulla shi da aria-describedby domin manhaja ta karanta shi bayan sunan. A sama "Ranar haihuwa", a ƙasansa "Rana, wata, shekara. Misali: 9 4 1978". Wannan na da muhimmanci, domin Amurkawa wata suke fara rubutawa, kuma fom da yawa da muke arowa nasu ne. Saƙon kuskure ma nan ne mazauninsa, da kalmomi, ba jan launi kawai ba, saboda akwai waɗanda ba sa bambance ja da kore. Gurbin da ba dole ba ne a cike shi, a rubuta "ba dole ba" a cikin laƙabin. Tauraruwar nan ja ba kowa ya san ma'anarta ba. Tambaya mai zaɓi, kamar "Namiji" da "Mace", a haɗa zaɓuɓɓukan a cikin fieldset, tambayar ta zama legend, in ba haka ba makaho zai ji amsoshi bai ji tambaya ba. A sa autocomplete="tel" ga lambar waya don burauza ta taimaka, da inputmode="numeric" ga NIN da BVN don allon lambobi ya fito kai tsaye.

Wanda ke karɓar aiki daga waje ya sani cewa tun 28 ga Yuni 2025 dokar Tarayyar Turai kan sauƙaƙa wa nakasassu ta fara aiki a kan shagunan intanet da ayyukan banki, don haka abokin hulɗa na can zai tambaye ka wannan. A gida, dokar haramta nuna wa nakasassu wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ita ce ta haifar da hukumar nakasassu ta ƙasa. Ni dai ban jira a tilasta mini ba.

In maigida ya ce shi lallai fom mai tsafta yake so, ba na gardama da baki. Nakan miƙa masa waya in ce, "Alhaji, a cike mini rabinsa," in ja shi da hira minti biyu, sannan in ce ya gaya mini me gurbi na huɗu ke nema. Daga nan sai in kunna TalkBack, in kife wayar a tafin hannunsa ya bi guraben da kunne. A fom na ƙarshe da na gina wa wata ƙungiyar manoma, gurabe biyun nan da suka ruɗa kawu haka suka fito: na farko "Lambar NIN", a ƙasa "Lambobi 11. In ka manta, danna *346# a layin da ka yi rajista da shi", na biyu "Lambar BVN ta banki", a ƙasa "Lambobi 11. In ka manta, danna *565*0#". Na kuma raba su, na sa sunan banki da lambar asusu mai lambobi 10 a tsakaninsu, don kada su sake zama kafaɗa da kafaɗa.